Raket ɗin Axelsen a sefa dubu 18: in biya ko in dakata?

Salisu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin kuɗi su bar aljihuna. Raket ɗina na badminton irin na alminiyam ɗin nan ne mai haɗi a wuya, waɗanda ake sayarwa biyu cikin jaka ɗaya, kuma ya fara karkacewa, in na kwantar da shi a tebur gefe ɗaya ba ya taɓa katako. Yau na shiga babbar kasuwar Garwa sayen wani abu daban, sai na ga raket Astrox 100ZZ na kamfanin Yonex rataye a wani shago. Mai shagon ya ce na asali ne, daga Dubai aka kawo. Ya yi mini kuɗi dubu 25, muka yi ciniki ya sauko dubu 18. Ya ce shi kaɗai ya rage, in ban dawo gobe ba akwai wanda ya riga ya yi magana. Wannan fa shi ne raket ɗin Axelsen, gwarzon badminton ɗin nan na Denmak. Ga hoto na turo. In biya ko in dakata?

Ilu Marwa: Wa alaikumus salam. "Shi kaɗai ya rage, wani ya riga ya yi magana." Salisu, ko akuya ka je saye kasuwar Pitowa ranar Lahadi, abin da dillali zai gaya maka ke nan 😂

Abakar Njamena: Ƙanena, lissafi kawai za mu yi. Sabon 100ZZ a shagunan Turai yana kai wa Yuro 200 ko kusa da haka. Yuro ɗaya sefa 656 ne, wannan ba ya motsi. Ka ga ya haura dubu 130 tun ba a sa kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. To wane mai tausayi ne ya ɗauko shi daga Japan, ya ratsa da shi Dubai, ya kawo maka Garwa a dubu 18?

Salisu: Yaya Abakar na yi wannan tunanin. Amma ya ce kayan gwanjo ne na wani shago da ya rufe.

Ilu Marwa: Shagon nan da ya rufe a Dubai, Allah ya ji ƙansa, shekara da shekaru ana gwanjon kayansa ba su ƙare ba.

Metir Buba: Salisu ɗana, ajiye maganar asali da jabu tukuna, za mu zo kanta. A ce ma na gaske ne, a ce kyauta aka ba ka, in ni ka tambaya cewa zan yi ka rataye shi a ɗaki sai nan gaba.

Duba ƙasan sandar kowane raket na kirki, wajen hular robar da ke saman mariƙi, za ka ga an rubuta 3U ko 4U ko 5U. Nauyi ke nan. 3U gram 85 zuwa 89 ne, 4U 80 zuwa 84, 5U 75 zuwa 79, duk kafin a sa zare. Lamba na hawa, nauyi na sauka. Amma ba nan gizo ke saƙar ba, domin raket biyu za su zo gram ɗaya a sikeli, ka ɗauki ɗaya ka ji shi sakayau, ka ɗauki ɗayan ka ji yana jan hannunka ƙasa. Inda nauyin ya taru shi ne magana. Jerin Astrox a kai nauyinsu yake, don simash, wato bugun ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, aka yi su. Nanoflare kansu ba nauyi, don saurin hannu da tare bugu. Arcsaber suna tsakiya.

Sai sanda. Sandar raket sai ta lanƙwasa ta dawo take harba volan, wato ƙwallon badminton. Mai laushi, da ɗan ƙarfi kaɗan za ta lanƙwasa ta taimake ka. Mai tauri kuwa sai hannu mai tsananin sauri, in ba ka da shi ba abin da za ta ba ka, kafaɗarka da gwiwar hannunka ne za su biya. 100ZZ tana cikin sanduna mafi tauri da Yonex ke yi. Axelsen tsawonsa mita 1.94, zinare biyu ya ci a Olamfik, na Tokyo da na Paris 2024, a lokacin ba shi da wata sana'a sai wannan, yana da masu yi masa tausa bayan kowane wasa. Kai kuma ina kallon bugunka duk Asabar. In aka tura ka kusurwar hagu ta baya, volan ɗinka tsakiyar fili yake sauka. Raket mai tauri da nauyi a kai ba zai gyara wannan ba, ƙara fito da shi zai yi.

Salisu: Allah ya ƙara girma Metir. Gaskiya ce, ta hagu ina shan wahala. Na ɗauka ko raket ɗin ne.

Metir Buba: Rabi raket ne, rabi ƙafa ce. Ba ka isa wurin da wuri.

Ɗan Asabe: Da girmamawa Metir, duk abin da ka faɗa haka yake a littafi. Amma mu ba a Denmak muke ba. Yaron nan gyaran waya yake yi, dubu 130 kuɗin hayar ɗakinsa ne na watanni. Filin da muke bugawa siminti ne, iska na shigowa ta taga, volan na roba ne. Kwafi ma hawa-hawa ne, akwai na banza akwai mai kyau. Ni da kaina kwafi nake riƙewa, ban ɓoye wa kowa ba, kuma ku tambayi waɗanda muke haɗuwa da su ko yana hana ni cin wasa. Salisu in ka ga ya kwanta maka a hannu ka taya shi dubu 12 ka ɗauka. Ranar da ya karye ba za ka yi kuka ba.

Abakar Njamena: Ɗan Asabe, ba wanda ya ce ya sayi na dubu 130. Ni ba araha nake ƙi ba, ƙarya nake ƙi. Kamfanonin nan duk suna da ƙananan raket na gaske, na girafayit, waɗanda ba su fi ƙarfin talaka ba. Yonex ma raket ɗaya takan fitar da shi hawa-hawa: Pro wanda ake yi a Japan, sai Tour, sai Game, sai Play mai sauƙin kuɗi, kuma na ƙasan sandarsu ta fi laushi, wato su suka fi dacewa da irin su Salisu. Li-Ning na Sin da Victor na Taiwan haka. In ya ƙara wani abu a kan dubu 18 ɗin nan zai samu wanda abin da aka rubuta a jikinsa shi ne a cikinsa.

Matsalar kwafi ita ce ba ka san me ka saya ba. An rubuta 4U, ka auna ka ga wani abu daban. An rubuta zai ɗauki ɗaurin zare mai ƙarfin fam 28, a ɗora shi a na'ura tun ba a kai 24 ba ka ji ƙas. A gabana aka yi a nan, mai ɗaurin ya ce shi ba ruwansa, kuma da gaskiyarsa.

Ɗan Asabe: To wa ya aike shi ɗaurin 24? Nawa tun da na saya da zaren da ya zo da shi nake bugawa.

Abakar Njamena: Shi ya sa in ka yi simash muke jin sautinsa kamar an doki katifa.

Ɗan Asabe: Sauti ba ya cin maki.

Hadiza: Sannunku iyaye da yayye. Salisu, tunda mai shagon ya ce na asali ne, gwaji ba zai dame shi ba. Ga abin da za ka iya yi a tsaye a shagon, ba sai ka je fili ba.

Ka tafi da rula ko tef ɗin tela. Ka ɗora sandar a kan yatsa ɗaya, ka yi ta matsawa har raket ɗin ya tsaya bai rinjaya ko'ina ba, sai ka auna daga gindin mariƙi zuwa yatsan. Raket na yanzu tsawonsa wajen milimita 675 ne, doka ta ce kada ya wuce 680. In ma'aunin ya faɗa wajen 285 zuwa 295, tsaka-tsaki ne. In ya haura nan sosai, nauyi a kai yake. In ya gaza, kansa sakayau ne. Ba ƙa'ida ce a rubuce ba, kuma zare da naɗin mariƙi suna ɗan motsa shi, amma zai nuna maka hanya. 100ZZ na gaske dole ya rinjaya kai.

Sannan ka riƙe mariƙi da hannu ɗaya, kai da ɗayan, ka ɗan murɗa a hankali kamar za ka juya kan. Na kirki zai ƙi. Jabu sai ka ji yana bin hannunka. A hankali fa na ce, kada ka karya wa mutum kaya a ce ni na sa ka.

Lambobin jiki kuma: na Yonex akwai lamba a sanda, akwai wata a hular saman mariƙi, sassaƙa su ake yi, in ka bi da farce za ka ji su. In fenti ne kawai aka buga a sama, ka san inda aka dosa. Sai dai masu kwafi sun iya wannan ma yanzu, don haka samun lamba ba hujja ba ce, rashinta ne hujja.

Ilu Marwa: Malama Hadiza ta buɗe aji. Dalibai a zauna.

Hadiza: Yaya Ilu kai ma ka zauna a gaba, na ga hoton raket ɗinka 😄

Maman Yusra: Ƙari a kan na Hadiza: ka duba ƙananan robobin da zare ke ratsawa a bakin raket. In sun tsage ko wasu sun zube, zaren zai ci firam ɗin. Ka kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ka juya shi, ka duba saman kai dama da hagu, nan ne raket ke tsagewa in an yi karo a wasan bibbiyu. Wani tsagin siririn gashi ne a ƙarƙashin fenti. Wannan ya fi shafar wanda zai sayi na hannu, amma sabo ma da ya sha hanya cikin buhu a saman mota ba a rasa shi da rauni.

Salisu: Na gode ƙwarai. Tambaya: wani abokina ya ce 4U da 5U na mata ne da yara, namiji 3U yake riƙewa. Haka ne?

Hadiza: Ka ce wa abokinka ya zo Ngaundere da 3U ɗinsa, ina unguwar Dang, filin ba ya gudu.

Metir Buba: Maganar banza ce. Manyan 'yan wasan bibbiyu maza da yawa 4U suke riƙewa, saboda a bibbiyu volan ba ya jiran ka ɗaga hannu. Gram biyar ne tsakani. A bugu ɗaya ba komai ba ne, amma ka kaɗa shi awa biyu cikin zafin watan Afrilu na Garwa, zafi ya haura digiri 40 a waje, kwano na tafasa a samanka, sai ka gaya mini ko na mata ne.

Alhaji Tanko: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Salisu, gani ya kori ji. Kada ka sayi komai makon nan. Ranar Asabar ka zo fili da wuri, zan zo da Arcsaber ɗina da Astrox 88D na yarona wanda ya tafi karatu ya bari, 3U ne kuma na gaske. Maman Yusra ta zo da Nanoflare ɗinta, Metir yana da Li-Ning mara nauyi. Ɗan Asabe kai ma ka kawo naka a sa a layi, kada a ce an yi maka rashin adalci. Ya buga da kowanne ya ji da hannunsa.

Salisu: Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya saka da alheri. Ina tsoron kada in fasa muku kaya.

Alhaji Tanko: In ka fasa ka gyara mini waya kyauta har shekara. Ka zo kawai.

Metir Buba: Madalla da Alhaji. To Salisu ga yadda za ka yi, don na san ku, da an miƙa muku raket sai tsalle da simash, in ya yi ƙara ku ce shi ne. Simash shi ne na ƙarshe da za ka gwada.

Fara da dogon bugu. Ka tsaya layin baya, abokinka ya tsaya nasa layin bayan, fili mita 13.40 ne, ku yi ta aika wa juna sama. Abin da kake nema: da wane raket volan ke isa baya ba tare da ka yi nishi ba? Daga nan ka juya ta hagu ka yi irinsa, nan ne gaskiya za ta fito. Sai ku matso tsakiya ku yi bugun miƙe, mai sauri, daidai saman raga. In raket ya yi maka nauyi a kai, a nan za ka ji kana makara, volan na dukan firam. Sai ka sa Ɗan Asabe ya yi ta sauke maka simash kana tarewa. Sai gaban raga, ka ga ko kana jin volan a zare ko kuwa tsalle yake yi ya tashi sama. Bayan duk wannan ka yi simash ɗinka ka more.

Kada ka yanke hukunci da sabon ƙarfi. Raket ɗin da ya yi maka daɗi a minti goma na farko ba lallai shi ne zai yi maka daɗi a wasa na uku ba, lokacin da riga ta jiƙe. Wanda ka fi so, ka roƙi mai shi ka buga cikakken wasa da shi a ƙarshe. Washegari da asuba in ka ɗaga buta ka saurari gwiwar hannunka da kafaɗa.

Hadiza: Metir a ƙara masa da maganar volan, don ta taɓa rikita mu a nan. Duk gwajin ka yi shi da volan iri ɗaya, in so samu ne guda ɗaya. Mu a Ngaundere muna sama da mita 1,000, iska ba ta da kauri, volan ya fi gudu. Wata ƙawata ta gwada raket a nan ta ga dogon bugunta har fita yake, ta yi murna, ta je Duwala hutu ta ga ba ya isa baya. Ba raket ba ne, wuri ne. Zafi ma haka yake sa shi gudu, shi ya sa volan ɗin roba na Mavis mai koren zobe, wato mai jinkiri, ya fi dacewa da ku a Garwa da Njamena. Mai shuɗi matsakaici ne, mai ja na ƙasashen sanyi ne. In kuna shakka akwai gwajin da doka ta tanada: a tsaya layin baya a doke shi da ƙarfi daga ƙasa, ya sauka tsakanin santimita 53 da 99 kafin layin baya na can.

Abakar Njamena: Na gashi kuwa a hunturu kada ma a fara, in ba za a turara shi ba. Bushewa yake, bugu kaɗan gashin ya kakkarye. Mu nan mukan sa ɗan soso mai laima a bakin kwalin ya kwana.

Ilu Marwa: Ku kuna maganar kauri da laimar iska, mu a Marwa a tsakar gida muke bugawa, iskar da kanta ce abokiyar hamayya. Ka aika volan gabas ya sauka gidan maƙwabta.

Abakar Njamena: Ilu akwai volan na waje da hukumar badminton ta duniya ta fito da shi, AirShuttle, tun da suka ƙaddamar da wasan waje a 2019. Ya fi jure iska. In wani zai taso daga Turai ka sa a riƙo maka.

Maman Yusra: Kafin Asabar, Salisu, ka lura da mariƙi ma. G5 ya fi G4 siranta. In ka riƙe, ya kamata a samu ɗan wuri tsakanin kan yatsunka da tudun babban yatsa. Gara ka sayi siriri ka naɗa masa, da ka sayi mai kauri, shi ba a rage shi. Kai da hannunka ke zufa, naɗin tawul zai fi maka, sai dai yana son canji akai-akai in ba haka ba wari.

Salisu: Assalamu alaikum, ga rahoton kasuwa da na gwajin jiya Asabar.

Da farko maganar kasuwa. Na koma da tef ɗin tela. Ma'aunin ya tsaya wajen 285, wato ko kusa da rinjaye a kai bai yi ba. Na murɗa a hankali yadda Hadiza ta ce, sai ga kai yana bin hannuna. Na roƙi mai shagon muka leƙa wurin wani maƙerin zinariya a layin, aka ɗora a sikelinsa: gram 97, alhali 4U aka rubuta. Ko an cire na zare da ledar mariƙi bai isa ya sauko 84 ba. Mai shagon bai yi faɗa ba, ya ce shi ma haka aka kawo masa, ya ce in kawo dubu 10. Na ce zan yi shawara.

Sai fili. Astrox na ɗan Alhaji, wallahi simash ɗin farko da na yi da shi sai da na juya in ga ko kowa ya gani. Amma da muka zo bugun miƙe da Maman Yusra, kafin in ɗago shi volan ya wuce kunnena. Ta hagu kuwa ko tsakiya ban kai ba. Li-Ning na Metir akasin haka: tarewa kamar wasa, hannu na ko'ina, sai dai dogon bugu sai na haɗa da ƙarfin kafaɗa, kuma ina yawan riga volan, in kaɗa kafin ya iso. Nanoflare ya fi shi zama a hannu, na so shi a gaban raga. Na Ɗan Asabe ba laifi a dogon bugu, gaskiya, amma in volan bai faɗa tsakiyar zare ba sai ka ji girgiza har gwiwar hannu.

Arcsaber na Alhaji shi ne ban ji komai ba. Ban san yadda zan faɗa ba. Ba wani bugu da ya burge ni, amma ba inda ya hana ni, har na manta gwaji nake yi. Da shi na buga wasan ƙarshe. Yau da safe kafaɗa lafiya, gwiwar hannu ce ke ɗan magana, kuma ina zargin Astrox ne don da shi na yi ta hauka.

Metir Buba: Wanda ka manta yana hannunka, shi ne. Ka nemi 4U, tsaka-tsaki, sanda matsakaiciya ko mai laushi. Ba sai irin na Alhaji sak ba, nasa mai tsada ne. Arcsaber 11 Play ko makamancinsa a Victor ko Li-Ning ya ishe ka shekaru.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka: ba raket kaɗai ka gwada jiya ba, har da zaren kowa. Na Alhaji a sassauce yake, na yaronsa an ɗaure shi tamau, shi ya sa ya ƙara yi maka wuya. Ɗauri mai tsauri yana rage wurin daɗin bugu, sai mai dukan tsakiya kullum. Kai fam 22 ya ishe ka. Zare kuma BG65, milimita 0.70, ya fi jure wahala. Masu sirara irin BG66 Ultimax, 0.65, sun fi daɗin sauti amma ba sa daɗewa, kuma kai ba ka da mai ɗauri a bayan gida.

Ɗan Asabe: Rahoto ya yi kyau, amma an tsallake wani wuri. A faɗa wa jama'a wasan ƙarshen nan wa ya ci, kuma da wane raket. 21 da 14, da kwafin nan nawa mai girgiza.

Salisu: Kawu ai ko da faranti ka riƙe za ka ci ni, ka girme ni a fili.

Ɗan Asabe: To shi nake faɗa tun farko. Hannu ne, ba suna ba.

Abakar Njamena: A nan kam mun haɗu. Hannu ne. Shi ya sa ba dalilin biyan kuɗin sunan da aka manna da fenti.

Ɗan Asabe: Ni dai dubu 10 ɗin nan da ya sauko, in Salisu ba ya so zan je in ɗauka wa yara. Su da ke jan raket a siminti suna kwasar volan, ba zan ba su na Japan ba.

Maman Yusra: Gram 97 a hannun yaro ɗan shekara goma? Kawu ka nema musu mara nauyi don Allah. Kuma Salisu, canjin da ya rage maka kada ya tafi wurin jaka mai kyau, takalmi za ka saya. Wanda ka zo da shi jiya na gudu ne, dunduniyarsa tudu, sau nawa na ga ƙafarka ta nemi gurɗewa. Mai shimfiɗaɗɗen ƙasa na roba kake so.

Alhaji Tanko: To tunda an tsaya a magana, ɗan ƙanwata yana Yaunde, shi ke saya mini a wurin wanda na daɗe ina hulɗa da shi, kuma akwai mai na'urar ɗauri a can. Zai ɗauki hoton raket ɗin da lambobinsa ya turo kafin ya biya. In an ɗaure sai ya sa a kwali mai tauri ya ba jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga nan mota ta ƙaraso da shi. Salisu ka kira ni bayan la'asar mu yi maganar kuɗi.

Abakar Njamena: Alhaji a gaya wa ɗan naka ya faɗi ɗaurin da kilo, masu ɗaurin da suka koya da Faransanci da kilo suke aiki. Fam 22 kilo 10 ne. In ya ce 22 kawai aka samu wanda ya saba da raket ɗin tanis, an gama da shi. Kuma in ya iso, Salisu, kada ka bar shi cikin mota a rana ko ka rataye shi jikin kwano, zafi na sassauta zare. Ranar da zare ɗaya ya tsinke, ka sa almakashi ka yanke sauran duka nan take, ka fara daga tsakiya, in ba haka ba gefe ɗaya zai ja firam ɗin ya karkace.

Hadiza: Baba Alhaji in kwalin zai biyo ta nan, a sa mini BG65 guda biyu da naɗin mariƙi, ni zan je tasha in karɓa in kai wa masu motar Garwa da hannuna. Sun san ni, ba za su ɗora masa buhun masara ba.

Ilu Marwa: A sa mini kwalin Mavis mai kore ɗaya. Kuɗin sai ƙarshen wata.

Alhaji Tanko: Ilu, na wancan karon ma ƙarshen wata ka ce. Duk mai so ya turo kuɗinsa ta waya kafin daren Alhamis, Juma'a da safe yaron zai shiga gari.